Ƙauyuka Biyar na Barde Gilbat

Juma'a, 12 ga Maris 1982, bakwai da minti goma na safe

Wannan littafi na saye shi ne don darasin safiyo, wato awon ƙasa, da ma'aikata ta turo ni in yi a nan Greensboro na wata tara. Yau kwana biyu ban je aji ba. Shekara goma sha tara ina riƙe da fayil a ofishin ƙasa a Kaduna, kuma na saba idan abu ya cuɗe min in jera shi a takarda. To bari in jera.

Na ɗaya, ƙanena Garzali yana can tun ran Laraba. Ba a ganinsa sai Lahadi da Laraba, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu.

Na biyu, babi na uku na littafin digirinsa dole ya shiga hannun malamarsa, Dakta Merit, ran Juma'a biyu ga Afrilu kafin ƙarfe huɗu. An riga an ɗaga masa sau biyu. In bai shiga ba za a rubuta wa masu skolashif su yanke, biza ta bi bayanta, ya koma gida hannu rabbana bayan shekara huɗu.

Na uku, ba wanda ya sani a jami'a. Abokinsa Hudu ya ce musu mura ce mai tsanani.

Na huɗu, na iya buga tafireta.

Akwai na biyar, amma ban san yadda zan rubuta shi ba.

Asabar, 13 ga Maris, bayan azahar

Maƙwabciyarmu Misis Alston ta kawo sauran katunan da Garzali yake rubuta bayanan bincikensa a kai, a cikin ledar burodi. Ta ce wasu a ƙarƙashin motarta ta tsince su, wasu a jikin shinge. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta dubi tagar da na liƙe da kwali, ta ce Allah yana nan, ta tafi.

Na shanya jiƙaƙƙun a kan hita. Duka na ƙirga ɗari da tamanin da huɗu. Bai sa musu lamba ba, don haka ban san nawa ne asali ba. Ni da nake aiki ba na ajiye takarda ba lamba, na sha faɗa masa.

Babin yana nan da rubutun hannunsa, shafi talatin da ɗaya. Wannan bugawa kawai zan yi, kuma ba laifi ba ne, kowane ɗalibi yana ba mai tafireta aiki. Matsalar sashen ƙarshe ne. Kan magana kaɗai ya rubuta: mutuwar barden da babin yake magana a kansa da abin da ya bari. Ƙarƙashinsa fari fat. Sai katunan.

Lahadi, 14 ga Maris, biyar na yamma

Na je. Bai juyo ba. Na ajiye masa lemo.

Litinin, 15 ga Maris, tara na safe

Na karanta babin sau biyu da ƙamus a gefe. Ga abin da na fahimta, in na fahimta.

Wani barde ne a ƙasar Ingila, shekara ɗari shida da wani abu da suka wuce, sunansa Gilbat. Ya bi sarkinsu yaƙi zuwa arewa, sarki ya ba shi wani ƙauye mai suna Brakenfod da gonakinsa da injin niƙansa da mutanen ciki. Ba kyauta ba ce ta har abada yadda na zata. Duk shekara sai ya yi wa sarki kwana arba'in a kan doki da kayan yaƙinsa. Ƙauye na biyu da na uku ta hannun matarsa suka zo. Na huɗu musanye ya yi da wani gidan ibada. Na biyar shi ne ya ba ni dariya, karon farko a makon nan: abin da yake kai wa sarki a kansa duk shekara shi ne safar hannu guda biyu. Gaisuwa ke nan, ko a wajenmu an san ta.

Daga baya manyan ƙasar suka yi wa sarki bore, Gilbat ya bi su. Aka ci su. Sarki ya ƙwace ƙauye uku. Shekara shida yana sintiri a ƙofar fada, yana aika shaho na farauta, yana neman wanda zai shigar da shi. Ƙarshe ya durƙusa, aka mayar masa.

Duk wannan ba baƙo ba ne a wurina. Na ga irinsa a ƙofar hakimi. Abin da ban gane ba shi ne me ya kai ƙanena, ɗan Malam Uwaisu, karatun wannan mutum.

Na ja layi da rula, na yi jadawali: ƙauye, yadda aka same shi, abin da ake yi wa sarki, wanda ya gada. Gida uku sun cika.

Talata, 16 ga Maris, bayan la'asar

Na buga shafi tara. Harafin e yana maƙalewa.

Laraba, 17 ga Maris, shida na yamma

Hudu ya kai ni a motarsa. A hanya na yi masa bayanin jadawalin. Ya ce, "Malam Iliyasu, mutumin nan ya mutu shekara ɗari shida, kai kaɗai ne kake masa zaman makoki a North Carolina." Na ce ba makoki ba ne, fayil ne bai rufu ba. Ya ce, "Ni dai taraktoci nake karanta. Tarakta in ta mutu ba ta barin magada."

Likita ya tsare ni a baranda. Ya tambaya ko akwai wani abu da ya faru kafin ran Laraba, wani labari daga gida ko saɓani. Na ce babu.

Garzali ya dube ni yau. Ya aske gemu, ko an aske masa. Bai yi magana ba.

Maganar da muka yi a kicin ran Talata ba ta da alaƙa da wannan. Kowane gida ana irinta.

Juma'a, 19 ga Maris, goma na safe

Na gama shafi talatin da ɗaya. Yanzu sai katunan mutuwa, guda goma sha ɗaya.

Da Gilbat ya rasu, sarki ya turo wakili, aka tara mutum goma sha biyu na yankin suka rantse a kan abin da ya bari. Wannan tsari ya burge ni. Suka lissafa ƙauyuka biyar. Matarsa ta riga shi. 'Ya'ya uku: Rojar babba, Tomas, da mace ɗaya, Alis.

Maza biyu, mace ɗaya, ƙauye biyar. Ko yaron da ya fara karatun gado ya san amsa. Biyu, biyu, ɗaya. Ban taɓa ganin gadon da ya rabu da kansa haka ba, ko guntu babu.

Amma katunan Rojar kawai suke ambata. Rojar ya je fada, Rojar ya sa hannuwansa cikin na sarki ya yi mubaya'a, an buga wa Rojar hatimi. Tomas kati ɗaya gare shi: doki da sirdi. Alis an ce ta shiga gidan ibada.

Ke nan katunan rabonsu sun ɓata a titi. Aƙalla biyu.

Asabar, 20 ga Maris, bayan azahar

Na bi titinmu daga kusurwar coci har shagon aski, gefe da gefe. Na leƙa magudanar ruwa da tocila. Wani dattijo a baranda ya tambaye ni ko zobe na yar. Na ce takarda. Ya ce in ta gwamnati ce kada in damu, za su aiko da wata.

Na samu tikitin bas biyu da hoton wata mata. Babu kati.

Lahadi, 21 ga Maris, biyar na yamma

Na yi niyyar tambayarsa. Na riƙe tambayar tun daga tashar bas. Da na zauna sai na ba shi labarin harafin e.

Litinin, 22 ga Maris, takwas na safe

Wasiƙar Goggo ta iso, malamin firamare ya rubuta mata. Kowa lafiya. An fara sharar gona. Tana tambaya wa za a ba fadamar rake bana. A ƙarshe ta ce, ko kun gama maganar nan da ƙaninka tunda ga ku wuri ɗaya.

Na amsa nan take. Na ce muna lafiya lau, Garzali karatu ya yi masa yawa shi ya sa bai rubuto ba, sanyi ya fara sauƙi. Fadama a ba wanda aka ba bara.

Saura kwana goma sha ɗaya.

Talata, 23 ga Maris, bayan la'asar

Na je laburaren jami'a da katin shaidar Garzali. Matar da ke kan tebur ta nuna min wasu manyan littattafai masu baƙar fata. Rabi Latin ne. Na zauna awa biyu ina juya shafi don kada a ce na zo a banza.

Wataƙila ni ne ban gane ba. Sakandare na tsaya. Amma ƙasa ai ƙasa ce, uba uba ne. A ofis ba ma rufe fayil ɗin mamaci sai kason kowa ya haɗu ya ba da cikakken abin da aka bari. In ya ƙi haɗuwa, takarda ce ta ɓata ko wani ne ya ɓoye ta. Na uku babu.

Wataƙila ni ne ban gane ba.

Laraba, 24 ga Maris, sha ɗaya na safe

Na rubuta shafin ƙarshe da kaina. Na yi ƙoƙarin bin salonsa. Na ba Rojar Brakenfod da ƙauyen safar hannu, tunda su ne ke ɗauke da hidimar sarki. Na ba Tomas biyun da suka zo ta wajen uwa. Alis ta ɗauki na musanye, yana kusa da gidan ibadarta. Na auna girmansu daga katunan, bambancin kaɗan ne.

Ba ƙirƙira na yi ba. Abin da dole yana cikin katunan da suka ɓata ne na mayar wurinsa.

Da na zare takardar na ji wani sanyi a ƙirjina da ban ji ba tun da na zo ƙasar nan. Jadawali ya cika.

Ba zan je can ba yau. Na ce wa Hudu ina da aji.

Juma'a, 26 ga Maris, bayan la'asar

Na yi kuskure, ban ma san girmansa ba tukuna.

Na ga ya fi kyau in kai babin da wuri. Bayan mun idar da sallar Juma'a a ɗakin da ɗalibai suke aro, na wuce ofishin Dakta Merit. Mace ce ƙarama, gashinta ya yi fari, tabarau biyu gare ta, ɗaya a ido ɗaya a wuya. Na ce ni mai bugawa ne, Garzali mura ta hana shi fitowa. Ta yi murna, ta ce in zauna. Tana juya shafi tana gyaɗa kai. Sai ta kai na ƙarshe. Ta canja tabarau. Ta karanta sau biyu.

Ta ce, "Wannan daga ina ya samo shi?"

Na ce daga katunansa.

Ta ce, "Wace takarda ce ta ce an raba? Na karanta duk abin da ya rage a kan mutumin nan. In akwai wannan takarda, to ya gano abin da ba wanda ya gano. In babu ita, to ɗalibina ya ƙaga tarihi, kuma wannan ya fi rashin kawo babi muni. A kan wannan kora ake yi, ba ɗagawa."

Na ce wataƙila kuskuren bugu ne. Ta ce kuskuren bugu ba ya raba ƙauye biyar.

Ta riƙe shafin. Ta ce ran Juma'a mai zuwa tana son ɗaya cikin biyu: takardar, ko Garzali da kansa.

Na sauka a tashar Elm Street na shiga bas ɗin da ba namu ba. Sai da na ga gonaki na lura.

Asabar, 27 ga Maris, safe

Ban taɓa komai ba.

Lahadi, 28 ga Maris, shida na yamma

Na faɗa wa Hudu a mota. Ya taka burki a gefen hanya ya juyo.

"Wai kai ka raba musu? Da hannunka?"

Na ce bisa ƙa'ida.

"Ƙa'idar wa? Alƙalin Brakenfod! Malam Iliyasu, Turawan nan ka ga sun yi kama da masu karanta Risala?" Ya yi dariya har ya buga sitiyari, sannan ya daina. Ya ce, "Wallahi ka jefa yaron nan a rami. Yau sai ka tambaye shi."

Da muka isa aka ce an canja masa magani, yana barci. Na tsaya a ƙofa minti ashirin. Na ji daɗi da aka ce yana barci. Wannan ma na rubuta shi.

Litinin, 29 ga Maris, bayan azahar

Na sake ƙirga katunan. Ɗari da tamanin da huɗu. Na sa musu lamba da fensir a baya, ko da yake ba nawa ba ne.

In ba su ɓata ba fa?

Laraba, 31 ga Maris, bayan magariba

Zan rubuta yadda aka yi, a jere.

Na same shi a ɗakin zama kusa da taga, an ba shi rigar sanyi da ba tasa ba. Na gaishe shi ya amsa. Muryarsa ta yi nauyi amma tasa ce. Na faɗa masa komai, daga ledar burodi har tabarau biyu. Ban ɗaga kai ba sai da na gama.

Ya ce, "Yaya, kati nawa ka samu?"

Na faɗa.

Ya ce, "To sun cika."

Na ce, Tomas fa?

"Doki da sirdi. Ai ka gani."

Na ce na ɗauka ƙari ne a kan rabonsa.

"Shi ne rabon. A ƙasarsu babba ke ɗauke ƙasa duka, don kada hidimar sarki ta tarwatse. Ƙane ya nemi yaƙi ko coci. Tomas ya bi wani ubangida zuwa ƙetare, daga nan ba a sake rubuta sunansa ba. Shekara biyu ina nemansa."

Na ce amma wannan zalunci ne.

Ya dube ni. Ba da fushi ba, da ma da fushi ne. Ya ce, "Rojar bai yi laifi ba, Yaya. Shi dokarsu ce ta ba shi."

Wata mai jinya ta wuce da keken magani. Ƙafa ɗaya tana ƙara.

Da ta wuce, ya juyo gare ni. Ya ce ina da abin rubutu? Ba sa barin biro, amma ina da guntun fensir. Ya rufe ido ya yi ta faɗa da Turanci ina rubutawa a bayan takardar darasina: yadda mutum goma sha biyu suka rantse, yadda Rojar ya hau zuwa fada kafin a yi kwana arba'in, yadda aka buga hatimi, doki da sirdi. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Har lambar littafi da shafi yana ba ni daga ka. Sau biyu ya gyara min rubutun kalma.

Da ƙarfe huɗu ta yi ya ce, "Ka ce mata ina nan. Ka faɗi sunan wurin. Na gaji da mura."

Alhamis, 1 ga Afrilu, bakwai na safe

Na biyar ɗin da na kasa rubutawa.

Baba ya rasu a 1971. Ya bar gona uku: ta Tsamiya, ta Bakin Rafi, da fadamar rake. Mu biyu ne maza, da mace ɗaya, Mero. Garzali yana aji huɗu a sakandare. Kafin sadakar arba'in na je wajen hakimi da rago, aka buga hatimi, duka uku da sunana. Na ce don kada a tarwatsa, in ya girma a raba. Na kai takardar ofishinmu na shigar da hannuna. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ran Talatar nan a kicin ya ce in ya koma yana son fadama, ya kafa gida. Na ce wanda gwamnati ta yi wa karatu har Amurka me zai yi da fadama, kuma wa ya riƙe gidan shi yana can yana karanta matattun Turawa. Na faɗi wani abu kuma game da uwarsa. Washegari abin ya faru, taga ta fashe, katunan suka watse a titi, aka tafi da shi.

Ban ce wannan ne ya jawo ba. Likita ya ce ciwon ya daɗe yana tahowa. Amma likita bai san da kicin ba.

Na buga sabon shafin. Kuskure ko ɗaya babu.

Juma'a, 2 ga Afrilu, biyar da rabi na yamma

Na isa uku da kwata. Ban zauna ba. Na ce mata ni ba mai bugawa ba ne kawai, yayansa ne. Shafin da ta riƙe ni na rubuta, bai san da shi ba. Ba mura ba ce, kuma na faɗi sunan wurin, asibitin masu taɓin hankali. Na miƙa mata sabon shafi da takardar fensir da ya faɗa na rubuta, da lambar wayar likita.

Ta karanta a tsaye. Ta ce, "Wannan muryarsa ce." Ta zauna ta cire tabarau duka biyu ta daɗe tana murza ido. Ta ce me ya hana mu faɗa tun farko, akwai hutun rashin lafiya, takarda ɗaya ce. Ta sa hannu a kan babin ta rubuta kwanan wata, ta ce za ta rubuta wa masu skolashif da kanta, ya dawo a watan Agusta in likita ya yarda.

Har na kai ƙofa ta ɗago tsohon shafin. Ta ce da wane ma'auni na raba? Na yi mata bayani, namiji biyu mace ɗaya, ba a hana kowa. Ta ce, "Da Tomas ya samu kotunku da ya ji daɗi."

Na ce, wataƙila.

Lahadi, 4 ga Afrilu, shida na yamma

Na faɗa masa babi ya shiga, wurinsa yana nan. Ya ce alhamdu lillahi. Ya ci rabin tuwon da matar Hudu ta aiko, ya ce miyar ta yi gishiri.

Can ya ce, "Yaya, yaushe za ka koma Kaduna?"

Na ce Yuni.

"Fayil ɗin gonakin yana ofishinku?"

Na ce yana teburina, aljihu na ƙasa. Na ce ranar da na koma zan fito da shi in kai gaban alƙali, a kira Mero.

Ya ci gaba da kallon taga. Ban san ko ya yarda ba. Ni ma ban gama yarda da kaina ba, shi ya sa na rubuta a nan da kwanan wata.